Gilashin Hoton Japhet

A Zuru da wuya ka shiga gida ba ka tarar da kaki a bango ba. In ba uba ba, to kaka. In ba kaka ba, to ɗa ko ƙanin uwa, ga shi nan tsaye ƙiƙam cikin firam, hula a karkace, yana hararar duk wanda ya ɗaga labule kamar ya kama shi da satar kaza. Amma mai son ya ga sojojin ƙasar a wuri guda, na da da na yanzu, ba bariki zai nufa ba. Sai dai ya bi hanyar kasuwa ya tambayi shagon Rachel mai ɗinki, wadda kowa ke kira Maman Japhet.

Mace ce gajeruwa mai jiki, ta ba sittin baya, da tabarau mai hannu ɗaya da ta ɗaure ɗaya gefen da zare. Bakinta ba ya hutawa, haka ƙafarta a kan keke. Ɗinkin nata, in za a faɗi gaskiya, ba wani abin a zo a gani ba ne. Ta sha yi wa mutum riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ta kuma dage cewa kafaɗarsa ce a karkace. Abin da ke jawo mutane shagon bango ne. Bango biyu, na dama da na hagu, cike da hotuna tun daga kusa da ƙasa har rufin kwano. Na dama na masu rai ne. Na hagu na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ita ta kafa wa kanta wannan doka, ba ta kuma taɓa karya ta ba.

Abin ya samo asali ne daga wani ɗan kati. Babanta soja ne, an tura su Kwango tana goye. Daga can ya aiko da kati mai hoton wani kogi da ba a hango ƙarshensa, da jirgin ruwa yana hayaƙi. Katin ya yi ta yawo a hanya har mai aikowa ya riga shi isowa gida. Shi da kansa ya karɓa daga hannun masinja, ya juya shi gaba da baya, ya ce ashe haka kogin yake da kyau, shi da yana can bai lura ba. Uwarta ta soke katin a jikin rufin ɗaki, Rachel ta girma tana kwana tana tashi a ƙarƙashinsa. Da tsohon ya mutu, 'yan'uwa suka yi ta rigima a kan gona da bindigar farauta, ita kuwa katin ta ɗauka ta yi gaba.

Ita ma soja ta aura, don a garin nan wa za ka aura? Kofur ne mai sanyin hali. Aka tura su Saliyo, bai dawo ba. Ya bar mata yaro ɗaya yana tatata, da hoto ɗaya. A coci hoton aka ɗora a kan kujera, aka kewaye shi da furen roba aka yi masa waƙa, domin gawar tana can inda ta faɗi. Tun daga ranar Rachel ta daina kallon hoto a matsayin takarda.

A shekarar ne kuma Malam Abdulrashid mai hoto ya rasu, mutumin da rabin garin suka taɓa tsayawa gaban labulensa mai zanen jirgin sama. 'Ya'yansa suka fito da kwalayen hotunan da masu su ba su dawo sun karɓa ba, suka tara a bakin kwata za su cinna musu wuta. Rachel na dawowa daga cefane ta ga fuskokin mutane zube a ƙasa, ga akuya tana taunar wani sajan. Ta ajiye kwando ta wanke 'ya'yan nan tas da faɗa, babba da ƙarami, har da wanda bai ce uffan ba. Ɗaya daga cikinsu, Maharazu, kunya ta kama shi, ya loda kwalayen a baro ya kai mata har shago. Shi ne ya gaji sana'ar. Yanzu yana wanke hoto da inji, yana sa firam, yana buga fosta, furfura ma ta fara fito masa.

Daga nan ciwon ya kama ta, bai kuma sake ta ba. In ta ji ana kwashe kayan wani tsoho a Dabai ko Ribah, sai ta rufe shago ta hau mota. Ta sha ɗinke wa mutum wando ta karɓi kakansa a madadin lada. Ta iya karanta hoto kamar yadda manomi ke karanta hadari. Wannan mai gajeren wando da naɗin ƙafa ɗan yaƙin Bama ne na zamanin Turawa. Wancan da ya dafa kujerar kara a Kaduna aka ɗauke shi, don a can ne kawai aka yi irin kujerar. Tana da katunan Labanon masu dusar ƙanƙara a kan duwatsu, da na Landan mai jar mota hawa biyu, da amare masu takalmi kamar turmi, da 'yan kokawar bikin Uhola sun shafa mai suna ƙyalli. Wasu ta san sunayensu, wasu ba wanda ya rage a duniya da zai faɗa mata. Waɗannan ta fi ji da su, takan ce marayu ne.

Matan unguwa ba su bar ta ta sha ruwa ba. Sukan ce gwauruwa ta tara maza a ɗaki, fasto ya yi shiru. Ita kuwa sai ta cire allura daga baki ta ce, "Nawa ba sa neman tuwo, ba sa dawowa a buge. Ku je ku ji da naku."

A ƙarƙashin waɗannan idanu Japhet ya tashi. Ta rantse ba zai sa kaki ba. Ta sa shi makaranta, ta kai shi koyon gyaran babur, ta haɗa shi da fasto, ta yi kuka, ta yi faɗa. Duk a banza. Yaron da ke buɗe ido kullum a kan maza cikin kaki, me ake jira ya zama? Ya tafi Zariya ya sha horo, ya dawo da kai a aske da hoto a hammata. Ta ƙi kallon hoton har sati ya zagayo, sannan ta buga ƙusa a bangon dama, daidai inda idonta ke sauka in ta ɗaga kai daga keke. Aka tura shi gabas, inda ake yaƙi. Duk Lahadi bayan an tashi coci, in akwai sabis a inda yake, yakan kira, kuma ko gaisuwa ba ya bari ta ƙare sai ya ce, "Mama, kin ci abinci?" Ya san halinta, in ta hau keke takan manta da cikinta.

Sai ƙasar ta lalace. 'Yan bindiga suka fara shiga ƙauyukan wajen Wasagu da Kanya da Dirin Daji, a kan babura, da rana tsaka. Magana ta bazu cewa in sun shiga gida bango suke fara dubawa, in suka ga kaki, to mutanen gidan sun shiga uku. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ba wanda ya tsaya gwadawa. Mata suka fara sauke 'ya'yansu da mazansu daga bango. Wasu suka binne a bayan rumbu, gara ta cinye. Masu dabara suka naɗe su a zani, suka cusa cikin buhun dawa, suka hau achaɓa zuwa Zuru. A tasha sai su tambaya ina matar nan mai ajiye hotuna.

Rachel ba ta taɓa mayar da kowa ba. Bangon dama ya cika har ta cire kalandar coci ta sauke madubi. Ranar kasuwa shagon kan zama kamar asibiti lokacin ziyara. Uwa za ta shigo, ta gaishe ta, ta nufi ɗanta, ta goge gilashin da bakin zani, ta zauna a benci tana ba shi labarin gida a hankali da yarensu na C'lela: an yi shuka ko ba a yi ba, wa ya gudu, wa aka ɗauke. Rachel takan rage ƙarar keke don kada ta katse su.

A nan ne aikin ya juye mata ya zama wani abu da ba ta nema ba.

Mutanen cocinsu suna da yadda suke kai wa uwa labarin mutuwa, kuma ba sa wasa da shi. Ba a faɗa mata a waya, ba a faɗa mata a hanya. Labari kan fara zuwa wurin mazan gidan da fasto, su yi shiru da bakinsu har a shirya komai. Ran da za a faɗa, matan zumuntar coci su zo da safe, ɗaya bayan ɗaya, kowace da hujjarta kamar wucewa take yi, ba mai ɗaura zanin zumunta don kada a gane. A kawo kunu da ƙosai. Sai uwar ta haɗiyi wani abu tukuna, domin da zarar ta ji, ba abin da zai sake wuce maƙogwaronta sai bayan kwanaki. In ta ci, fasto ya shigo ya yi gyaran murya. Amma kafin duk wannan ana bukatar hoto, don Maharazu ya ƙara masa girma a ɗora a kujera. Hotunan kuwa suna shagon Rachel.

Saboda haka ita ke fara sani. Wani kawu zai shigo yana murza hula, ya yi ta kewaye-kewaye a kan tsadar taki, sannan ya nuna bangon dama da haɓa. Rachel ta tashi ta sauke, ta naɗe masa a ƙyalle. Uwar yaron kuwa tana can tana ta surfe, ba ta san ƙusar ɗanta ta zama fanko ba.

Wata ranar kasuwa abin ya ritsa da ita. Maman Glory, wata doguwar mata da ta gudo daga Kanya ta zauna a garin, ta shigo ganin ɗanta, alhali an karɓi hoton tun jiya. Ta tsaya gaban ƙusar, bakin zani a hannu.

"Maman Japhet, ina yaron nawa?"

Rachel ba ta san lokacin da bakinta ya ce, "Gilashin ne ya tsage. Na kai wa Maharazu ya canja."

Matar ta dube ta, ta dubi ƙusar, ta ce to, Allah ya saka. Rachel ta raka ta har bakin titi, ta ɗaukar mata kaya, ta riƙe hannunta ta daɗe ba ta saki ba. Da ta dawo shago ta kasa zura zare a allura. Amma ƙaryar ta yi aiki, kuma abin da ya yi aiki sau ɗaya a garin nan ya zama al'ada. Matan zumunta suka ɗauka. Maharazu ma ya haddace, in wata uwa ta leƙa shagonsa sai ya ce gilashi ya yanke a kasuwa, sai an kawo daga Kwantagora. Hoton da ya fita gyaran gilashi, a bangon hagu yake dawowa.

Rachel ta tsani wannan sani. Takan haɗu da mace a layin niƙa tana dariya, ita kuwa ta san abin da ke jiran ta jibi. Ta lura da kanta ma: in ta san abu a kan mace, gaisuwarta kan yi tsawo, muryarta ta yi laushi, ta bar tsokana. Ita da bakinta bai bar kowa ba, ranar sai ta zama salihar baiwa. Ta yi ƙoƙarin hana kanta, abin ya gagara.

A damina ta bana Japhet ya daina kira. Lahadi ta farko ta ce sabis ne. Ta biyu ta ce an canja musu wuri, ya taɓa faruwa. Daga nan ta daina cewa komai, sai dai ta sa wayar a cikin rigarta, ta riƙa taɓa ta kamar mai ciwon ƙirji. In ta kira, wata mata ce ke amsawa da Turanci cewa ba a samun layin. Ta tsani muryar matar nan fiye da ta kowa a duniya.

Wata Talata ta ɗauki wani tsohon hoto da ta samo a Senchi ta kai wa Maharazu ya sa masa firam. Shekara da shekaru, in ta doso shagonsa yakan ɗaga murya tun daga nesa ya ce ga uwar bataliya nan, wane tsoho kuma aka auro yau. Ranar yana hango ta ya miƙe tsaye. Ya kakkaɓe kujerarsa ya tura mata.

"Inna, sannu da tahowa. Zamna ki huta. Ina lahiyar jiki?"

"Lafiyata ƙalau. Kai ne dai ba lafiya ba. Yaushe ka fara ba ni kujera?"

"Ba komi, Inna. Na ga rana ta yi zahi ne." Ya karɓi hoton da hannu biyu, idonsa a kan tebur. "Wanga ki bar shi, ni za ni kawo miki har shago. Kada ki wahal da kanki."

Ba rana a ranar, hadari ne ya rufe duwatsu tun safe. Ta fito ta kama hanya. Mai kayan miya ta ƙara mata tattasai ba ta roƙa ba. Matar fasto ta tsallako titi musamman don ta gaishe ta, ta riƙe hannunta, ta daɗe ba ta saki ba. Rachel ta dubi hannun nan da ke kan nata. Ta san wannan riƙon. Ita ta koya wa garin shi.

Duk da haka ta ce wa ranta tsufa ne da zargi. Mutum in yana jiran waya, ko kaza ta yi tari sai ya ce da shi take. Ta koma shago ta hau keke, ta ɗinka aljihu a bayan riga, ta farke, ta sake ɗinka shi a wurin.

Da la'asar Monica ta shigo. Maƙwabciyarta ce, ƙawarta tun suna 'yan mata, tare suka yi waƙa a coci, tare suka yi takaba. Mace ce mai kirki, amma Allah bai ba ta iya ƙarya ba. Ta zauna ta tashi, ta yaba wani leshi da ta sha zagi a baya, ta zagaya shagon tana duba hotuna kamar yau ta fara ganin su. Mazan gidan su Japhet ne suka aiko ta, domin ba wanda ya iya tunkarar shagon da kansa. Sun rasa yadda za su yi, hoton da suke nema yana rataye a gaban uwar, sai Monica ta ɗauko abin da kowa ya saba ɗaukowa. Ta tsaya a bangon dama ta kai hannu.

"Yaya, kin ga gilashin Japhet kamar ya tsage ta nan gefen. Kawo in kai wa Maharazu ya canja."

Keken ya tsaya. Sai a lokacin Monica ta ji abin da bakinta ya faɗa, da wadda ta faɗa wa. Hannunta ya tsaya a sama, ta kasa ɗauka, ta kasa saukewa.

Rachel ta tashi a hankali. Ta zo ta sauke hoton da kanta, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta gyara tabarau, ta bi gilashin da yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa.

"Ban ga tsaga ba," ta ce.

"Wataƙila idona ne, Yaya."

"Idonki ne. Je ki gida, Monica, za a yi ruwa."

Ba ta mayar da hoton kan ƙusa ba. Ta kwance zaninta ta ɗora shi a ciki, ta ɗaure tam, firam ɗin yana tokarin haƙarƙarinta. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka zo mata da labarin mijinta, domin a wancan karon ba ta san alamu ba. Yanzu ta san su duka, ta san abin da ke biye da wane, kamar mai kallon wasan da ita ta shirya. Abu ɗaya kawai ta riƙe: ba wanda ya faɗa mata komai. Kuma ta san doka, ba mai faɗa sai ta ci.

Washegari ta buɗe shago da sassafe, cikinta wayam. Ba a jima ba matar fasto ta leƙo, wai zif ɗin siket ɗinta ya lalace. Sai wata ta zo aron almakashi. Sai wata ta ce ruwa ne ya tare ta, alhali yayyafin ya ɗauke. Kowace da zanin gida, ba mai na zumunta. Suka jeru a benci suna hirar tsadar gero, muryoyinsu ƙasa-ƙasa. Maman Glory ta shigo ta zauna a ƙarshen benci, ita ko hujja ba ta kawo ba. Daga baya Monica ta shigo da kwanon kunu da ƙosai a leda, idanunta a kumbure. A waje, ƙarƙashin dalbejiya, fasto ya kafe babur ɗinsa yana duba taya.

"Yaya, na dama kunun tsamiya ya yi yawa. Ki taya ni sha," in ji Monica.

"Na ƙoshi."

"Me kika ci da safen nan?"

"Ban ci ba. Na ƙoshi ne kawai."

Matan suka dubi juna. Ba a taɓa yi musu haka ba. Uwa takan sha kunu ne don ba ta san abin da ke cikinsa ba, ko ta yi kamar ba ta sani ba. Ba su da wata dabara ta biyu.

Rachel kuwa ta miƙe ta ce tunda yau Allah ya tara mata baƙi, bari ta gabatar musu da mutanenta. Ta fara daga katin Kwango. Ta ba su labarin kogin da jirgin, da yadda katin ya iso bayan mai shi. Ta wuce kan ɗan yaƙin Bama, ta nuna musu naɗin ƙafarsa. Ta nuna sajan ɗin da akuya ta cinye wa kafaɗa. Ta bi marayun ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ba su da suna ta ƙirƙira musu, ta aura musu mata, ta ba su gonaki. Muryarta na tashi tana sauka kamar mai talla. Duk a bangon hagu take, ba ta ko waiwayi na dama ba, inda ƙusa ɗaya ke tsaye tsirara a tsakiyar firam-firam. Kunu ya huce ya yi fata a sama. Monica ta fita ta ɗumama ta dawo da shi. Ya sake hucewa.

Rana ta take tsaka. Fasto ya gama da tayar gaba ya koma ta baya. Rachel ta dafa teburin yanka tana neman wani hoton da ba ta ba da labarinsa ba. Ta sani sarai abin da take yi ba ya canja komai a can gabas. Amma muddin kwanon nan yana cike, a shagon nan Japhet soja ne da ke wurin da ba sabis.

Sai Maman Glory ta tashi. Ta ɗauki kwanon ta zo ta tsaya kusa da ita, ta yi magana a hankali yadda sauran ba za su ji sosai ba.

"Maman Japhet, ran da kika ce mini gilashi, na gane. Ni na goge gilashin nan da hannuna sati ɗaya kafin ranar, na san lafiyarsa lau."

Rachel ta ɗago ta dube ta.

"Na koma gida na yi wanki, na yi tuwo, na yi wa yaron addu'a kamar kullum. Kwanakin nan da kika ba ni, ban taɓa gode miki ba. Na gode." Ta matso da kwanon. "Amma ba a zama a cikinsu, Yaya. Na gwada. Waɗannan matan ma tun jiya ba wadda ta iya cin abinci."

Rachel ta waiwaya ta dubi bencin. Sai yanzu ta ga fuskokinsu da kyau, ta ga Monica ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na girgiza. Tausayinsu ya kama ta, haushinsu ma ya kama ta, ta rasa wanda ya fi. Ta tuna mai tambayar ta ko ta ci abinci duk Lahadi. Ta zauna a kujerar keke.

Ta kwance bakin zani ta ciro hoton. Ya yi ɗumi da jikinta, gumi ya dusashe gilashin. Ta goge shi da kyau, ta tsaya tana kallon yaron, kai a aske, hula ta yi masa yawa, yana ƙoƙarin haɗe rai irin na sojoji dariya na neman ƙwace masa. Ta miƙa wa Monica.

"Ki ce wa Maharazu ya yi shi babba. Kada ya taɓa mini gilashin, ba abin da ya same shi."

Monica ta karɓa da hannu biyu. Rachel ta jawo kwanon gabanta, ta kawar da fatar da ke sama, ta cika ludayi. Ta kai baki ta haɗiye, da ƙyar ya wuce.

A bakin ƙofa fasto ya cire takalmi, ya yi gyaran murya.